Muhawara: Halin VT da CVT idan layi ya yi shot a gefen babbar tashar iska

Ɗan Bukuru:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata a kan zaɓen taransifomar awon boltej ce, ko VT mai koyil zalla ko CVT mai rage boltej ta hanyar kafasitoci. A ce za a kafa tashar lantarki ta iska mai megawat 100 a kan tsaunukan Filato, a haɗa ta da babbar tashar Jos ta layin 132 kV mai tsawon kilomita 20. Abin da aka saba rubutawa a takardar sayen kaya shi ne CVT mai aji 0.2 na awo da 3P na kariya, sakandare bolt 110/√3. Ajin 3P ya ce kuskure ba zai haura kashi 3 cikin 100 ba, tun daga kashi 5 na boltej har sama. To me ya sa ake ta cewa a yi hattara da CVT a gefen tashar iska, alhali ita ce a kan layukan TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, kusan ko'ina?

Injiniya Mai Rile:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajin 3P alkawari ne a kan wutar da ta zauna daram. Rilen nisa kuwa, wanda ke raba boltej da karant don gane nisan shot, yana yanke hukunci ne cikin milisakan 20 zuwa 30 na farkon shot, lokacin da babu abin da ya zauna. Mu yi lissafi da misalinka.

Tashar MVA 100 a 132 kV tana ba da amfiya 437. Injinan iska masu cikakkiyar inbata ba sa ba da karant ɗin shot fiye da ninki 1.1 zuwa 1.2 na wannan, a ce amfiya 525. Layin 132 kV yana da kusan ohm 0.4 a kowace kilomita, kilomita 20 ohm 8 ke nan. Idan fes uku suka yi shot a basbar can ƙarshen layi, boltej ɗin da ya rage a gefen tashar iska shi ne 525 sau 8, wato bolt 4,200, alhali na yau da kullum 76,200 ne tsakanin fes da ƙasa. Raba da 1,200, wato ninkin da CVT ke saukar da boltej, rile zai ga bolt 3.5 maimakon 63.5.

Zon 1, yankin da rile ke buɗe layi nan take, an saita shi a kashi 80 na layi, ohm 6.4, wanda ya yi daidai da bolt 2.8 a sakandare. Ka ga tsakanin "shot yana cikin layina, in buɗe nan take" da "shot yana wajen layina, in jira" bolt 0.7 ne kacal. CVT mai ajin T1 kuwa, mafi sassauci a azuzuwan saurin bin faɗuwar boltej, an yarda mata ta bar ragowar da ta kai kashi 10 na boltej ɗin da ke nan kafin shot, har bayan milisakan 20. Kusan bolt 6 ke nan. Ragowar ta fi ainihin abin da ake son aunawa girma, balle wannan ɗan bambancin.

Ɗan Bukuru:
Na gode Yallabai. Amma ai rilen da ke gefen Jos na wannan layin ma CVT ce ke ba shi boltej. Me ya sa shi bai shiga wannan halin ba?

Injiniya Mai Rile:
Domin bayansa akwai layukan 330 kV na Kaduna da Makurɗi da manyan taransifoma. Karant ɗin da zai tura cikin shot ɗin dubban amfiya ne, don haka boltej a wurinsa ba ya faɗuwa ƙasa sosai. A ce amfiya 4,000 cikin ohm 8, bolt 32,000, sama da kashi 40. Ragowar CVT ɗaya ce a gefen biyu, amma a can ta hau kan babban abu, a nan ta hau kan ƙarami. Abin da SIR ke nunawa ke nan, wato sau nawa ohm ɗin tushen wutar da ke bayan rile ya ninka na layin da yake karewa. A ƙa'idar IEEE C37.113 da SIR ya haura 4 an ɗauki layi gajere. Misalinka ya kai kusan 17, kuma wannan da dukkan injina suna aiki. Da daddare idan iska ta kwanta, rabin injinan suka tsaya, lambar ninkawa take yi.

Dattijon Layi:
Bari in yi wa yaran bayanin inda ragowar take fitowa, don wanda bai san cikin CVT ba zai ɗauka lalacewa ce. Ba lalacewa ba ce, ginin ne haka.

A cikin dogon tangaran ɗin nan kafasitoci ne a jere, na sama C1, na ƙasa C2. Suna raba boltej, a ɗauki wanda ke kan C2, yawanci tsakanin kilobolt 5 zuwa 20 gwargwadon masana'anta. A cikin tankin ƙasa akwai riyakta da aka auna ta soke tasirin C1 da C2 a daidai 50 Hz, sai ƙaramar taransifoma da ke saukarwa zuwa 63.5, sai da'irar kashe feroresonans, wato kaɗawar boltej da ke tasowa tsakanin kafasita da koyil mai ƙarfe. Duk inda kafasita da koyil suka haɗu akwai ajiyar ƙarfi. Kamar lilo ne, ko ka daina turawa ba ya tsayawa nan take.

Abu uku ke ƙara ragowar. Na farko lokacin da shot ya faɗo. Idan ya faɗo daidai boltej yana ratsa sifili, nan ne ragowar ta fi daɗewa, tana raguwa a hankali har zagaye biyu. Idan ya faɗo a ƙololuwa, ragowar tana kaɗawa da sauri ta mutu da wuri. Sa'ar da ake ci ita ce tartsatsin insuleta ya fi faruwa kusa da ƙololuwa, amma ba a gina kariya a kan sa'a. Na biyu girman kafasita: CVT mai ƙaramin C1 da C2 ta fi barin ragowa, mai babba ta fi tsada amma ta fi biyayya. Na uku irin da'irar kashe feroresonans. Akwai wadda aka yi da koyil da kafasita da aka daidaita a 50 Hz, ita kanta tana ajiye ƙarfi, tana ƙara dagula lamarin. Akwai wadda rezista ce da koyil mai ƙoshi ko na'urar kunnawa, ba ta shiga aiki sai boltej ya haura, ita ce ta fi dacewa da wurin da SIR yake da yawa.

Mai Gwaji Abuja:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne lambobin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61869-5, don a riƙa rubuta su a takardar sayen kaya. T1 ba ta yi alkawarin komai ba a milisakan 10, kuma kashi 10 ne iyakarta daga milisakan 20 zuwa gaba. T2 kashi 25 a milisakan 10, kashi 10 a 20, kashi 2 a 40. T3 kashi 4 a milisakan 10, kashi 2 a 20. Idan aka rubuta 3P kawai ba a ambaci T ba, mai sayarwa zai kawo mafi araha, kuma bai yi laifi ba. A lura, ko T3 ɗin kashi 2 na 63.5 bolt 1.3 ne, ya fi 0.7 ɗin da Injiniya ya lissafa. Wato ko CVT mafi kyau ba ta warware misalin nan ita kaɗai.

Malam Inbata:
Ina so in gyara wani abu da ake yawan faɗi, cewa CVT ce ke sa injinan iska su kasa jure faɗuwar boltej. Yawanci ba haka ba ne. Kowane inji yana auna boltej a bakin inbatarsa, a gefen bolt 690 ko makamancinsa, kai tsaye ta rezistoci ko na'urar awo ta lantarki. Da wannan awon yake shiga yanayin jure shot, ya fara tura karant mai ɗaga boltej, galibi kashi 2 a kan kowane kashi 1 da boltej ya faɗi, cikin 'yan gomman milisakan. CVT ɗin 132 kV ba ta cikin wannan da'irar.

Inda take shiga shi ne rilen layi, kwamfutar da ke kula da tashar gaba ɗaya, na'urar daidaita boltej ta STATCOM idan daga gefen 132 aka ba ta awo, rilen hawa da saukar boltej da firikwensi, da na'urar da ke ɗaukar hoton shot don nuna an cika ƙa'idar girid. Kwamfutar tashar a hankali take aiki, kuma daidai shi ne ta daskare umarninta da zarar ta ga boltej ya sauka ƙasa da kashi 90 ko 85, ta bar injina su yi nasu. Matsalar tana zuwa ne wajen komowa. Idan bireka ta cire shot, CVT tana ɗan kaɗawa, injina kuma ba su gama janye karant ɗin da suke turawa ba, sai boltej na gaske ya haura na ɗan lokaci. Rilen hawan boltej da aka saita ba tare da jinkiri ba zai haɗa biyun ya buɗe tashar gaba ɗaya, bayan an riga an tsira daga shot ɗin.

Kuma injina iri biyu ne. Masu cikakkiyar inbata su ne lissafin Injiniya ya shafa. Masu DFIG, waɗanda aka haɗa siteta ɗinsu kai tsaye da layi, suna iya ba da karant ninki da yawa a zagayen farko, kuma idan kariyar rota ta rufe, firikwensin wannan karant yana bin gudun rota ne, yana iya kaucewa daga 50 da kusan kashi 30 sama ko ƙasa. Sai ka tarar rile yana raba boltej mai ragowar CVT da karant da ba a 50 Hz yake ba. Amsar da za ta fito ba nisa ba ce.

Hajiyar Mita:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Baba ya ce an daidaita riyaktar a daidai 50 Hz. IEC ta ba da tabbacin ajin awo tsakanin kashi 99 da 101 na firikwensi, wato 49.5 zuwa 50.5, na kariya kuma 96 zuwa 102, wato 48 zuwa 51. Ƙa'idar girid ta Najeriya ta sa 49.75 zuwa 50.25 a yanayin lafiya, 48.75 zuwa 51.25 a yanayin matsi. To 51.25 ya fita daga tabbacin kariya ma, balle na mita. Duk wanda ke kallon mitar firikwensi a nan ya san ba baƙon abu ba ne ta haura 50.5. Da firikwensi ya kauce, riyakta da kafasita sun daina soke juna, kusurwar boltej ta goce, kuma gocewar tana ƙaruwa da yawan lodin da ke kan sakandare. Ga tashar da ke sayar da wuta, wannan kuɗi ne. Shi ya sa ni a 132 kV nake tsayawa a kan VT mai koyil zalla don mita, ko da an sa CVT a bakin layi don wani dalili.

Sannan wayar sakandare. Tagulla mai 2.5 mm² kusan ohm 7.4 ce a kilomita. Mita 300 daga fili zuwa ɗakin kula ohm 2.2 ke nan. Lodin VA 10 a bolt 63.5 amfiya 0.16 ne, faɗuwar boltej 0.35, sama da rabin kashi ɗaya. An sayi aji 0.2 an zubar da shi a cikin kwalbatin kebul. A sa 4 mm² ko 6, a ware wa mita nata zagayen sakandare da nata MCB, wato ƙaramar bireka.

Ɗan Bukuru:
Hajiya, tunda an zo maganar lodi: rilolin yanzu ko VA 1 ba sa ci. CVT kuma a rubuce VA 100 ko 50. Wasu na cewa a sa rezista a ɗaga lodin zuwa kashi 25, wasu na cewa a bari. Wanne ne daidai?

Dattijon Layi:
A sa rezista. Ƙarfin da ke ajiye a ciki yana buƙatar inda zai zube. CVT da ba lodi a kanta ta fi daɗewa tana kaɗawa, kuma tsofaffin ajin awo daga kashi 25 zuwa 100 na lodi aka tabbatar da su. Ƙasa da haka kana wajen alkawarin masana'anta.

Injiniya Mai Rile:
Baba, da girmamawa, a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Gaskiya ne rezista tana sa kaɗawar ta mutu da wuri. Amma ƙarin lodi yana nufin ƙarin karant a cikin riyakta kafin shot, wato ƙarin ƙarfi a ajiye, don haka girman ragowar a farkon lokaci yana iya ƙaruwa. Mu kuma milisakan 20 na farko ne damuwarmu. Wanne zai rinjayi ɗaya ya danganta da ginin CVT ɗin. Abin da ba a jayayya a kai shi ne lodi mai koyil ya fi kowanne muni, irin ƙananan taransifomomin taimako da ake ratayawa a sakandare don samar da delta ko ware da'ira. Su a cire su. Maganar rezista kuwa, a nemi masana'anta ta ba da zanen ragowa a lodin da za a yi aiki da shi na gaske, a shot na sifili da na ƙololuwa. Ga sabon saye, a daina rubuta VA 100. IEC ta yanzu tana da rukunin ƙananan lodi, VA 10 zuwa ƙasa, da aka tabbatar da ajinsu tun daga sifili.

Dattijon Layi:
Na yarda a kan sabon saye. Amma ga tsohuwar CVT da aka gada, wadda takardunta ma ba a san inda suke ba, kada a cire mata lodin da aka same ta da shi a ranar da aka canza rile ba tare da an gwada ba.

Mai Gwaji Abuja:
Akwai tarkon da ya fi na zon 1 haɗari, don shi ba buɗewar kuskure yake jawowa ba, hana buɗewa yake yi. Rile yana da dabarar gane fiyus ko MCB na VT ya yanke: idan ya ga boltej ya karkace, V2 (ma'aunin rashin daidaiton boltej a fes uku) ya bayyana, amma karant bai karkace ba, babu I2 (irin wannan ma'auni na karant), sai ya ce matsalar ta wayar awo ce, ya kulle kariyar nisa. A gaban janareto na gargajiya wannan dabara ba ta kuskure, domin duk shot na fes biyu ko fes ɗaya yana kawo I2 mai yawa.

Inbata da yawa kuwa an tsara su ne su riƙa ba da karant daidai wa daida a fes uku ko me ya faru. Sai fes biyu su haɗu a kan layi, V2 ya tashi, I2 daga gefen tasha kusan babu, kuma ƙaruwar karant ɗin ba ta wuce kashi 20 ba. Rile ya ce fiyus ne. A shot na fes da ƙasa ana samun sauƙi, domin taransifomar tashar mai tauraro da aka sa wa atin a gefen 132 tana ba da I0, karant ɗin da ke bi ta ƙasa, idan dabarar rilen tana duba shi. A na fes da fes babu wannan.

Magani: a ɗauko alamar yankewa daga maƙallin taimako na MCB kai tsaye zuwa rile, a rage dogaro da lissafin V2 da I2. Inda akwai VT biyu, na layi da na basba, a kwatanta su. Kuma tun wajen sayen injina a nemi su riƙa ba da I2 lokacin shot. IEEE 2800 ta 2022 da ƙa'idojin VDE na Jamus sun wajabta hakan.

Malam Inbata:
Haka ne, amma ko da an kunna I2 ɗin, yana ɗaukar zagaye ɗaya zuwa biyu kafin kusurwarsa ta daidaita. A wannan tsakanin ɓangaren rile mai gane alkibla da mai zaɓen fes suna iya ruɗewa. Haka ma ajiyar boltej ta kafin shot da rile ke amfani da ita: a girid mai rauni kusurwar boltej a gefen tasha tana tsalle da zarar shot ya faɗo, inbata ta bi sabuwar kusurwa, ajiyar rile tana kan tsohuwa.

Ɗan Bukuru:
To idan haka ne me zai hana a watsar da CVT, a sa VT mai koyil ko'ina?

Dattijon Layi:
A 132 kV ana iya yi, bambancin kuɗin ba shi da yawa, kuma tana bin faɗuwar boltej cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Tana da wata fa'ida ma: idan an buɗe layi, tana zubar da cajin da ya maƙale a kai kafin a sake rufewa, abin da CVT ba ta yi. A 330 kV tsada da nauyi suna hawa sosai. Kuma inda ake aika saƙon kariya ta kan wayar wuta kanta, kafasitar CVT ce ƙofar shigar saƙon. Sai an sa fiba a cikin wayar atin ta sama kafin a rabu da ita.

Ita ma mai koyil tana da nata ciwon. Idan tana kan guntun basba da aka buɗe, kuma birekar tana da kafasitocin raba boltej a kan bakunanta, wuta tana ratsowa ta cikinsu ta haɗu da ƙarfen VT, feroresonans ya tashi ya zauna, har ta ƙone. Idan kuma dogon kebul ne take zubar wa caji, a tambayi masana'anta ko za ta jure zafin, musamman in za a sake rufewa sau biyu a jere.

Hajiyar Mita:
Mun tsaya a 132, alhali VT ɗin da suka fi fashewa a tashoshin iska na gefen 33 kV ne. Kebul na ƙarƙashin ƙasa kilomitoci da yawa, kafasitans mai yawa ke nan. Gefen 33 na babbar taransifoma sau da yawa delta ne, atin yana zuwa daga taransifomar zigzag a kan basba. Fes ɗaya ya taɓa ƙasa a wata fida, birekar fidar ta buɗe, fidar ta rabu da zigzag, injinan da ke kanta kuma ba su tsaya nan take ba. Fes biyu masu lafiya su tashi daga kilobolt 19 zuwa 33, ninki 1.73, wani lokaci fiye, tunda injina suna tura wuta babu inda za ta je. VT da aka saya da juriyar ninkin boltej 1.2 kullum da 1.5 na sakan 30 ƙarfenta zai ƙoshi, ta ja karant mai yawa, fiyus ɗin firamare ya yanke ko ita ta tsage.

A 33 kV na tashar iska a rubuta juriyar ninki 1.9 na awa 8. A sa zagaye na uku mai 110/3, a haɗa ukun a buɗaɗɗiyar delta, a rufe bakin da rezista. Wadda aka saba gani ohm 27 ce mai wat 450, kuma lissafin a fili yake: a cikakken shot zuwa ƙasa bolt 110 ke bayyana a bakin, 110 sau 110 raba 27 wat 448, amfiya 4 a cikin zagayen. A tabbatar zagayen na uku zai iya ɗaukar amfiya 4 ɗin tsawon awa 8. A ɗaura rezistar a wajen akwatin rile inda iska ke ratsawa, don zafinta yana narka rufin waya. Kada a sa fiyus a wannan da'irar ba tare da alama ba, idan ya yanke babu wanda zai sani sai ranar da VT ta fashe. Kuma atin na deltar a wuri ɗaya tak. Aka yi biyu an gajarce zagaye ɗaya ko biyu, VT za ta ƙone ranar da aka kunna ta.

Injiniya Mai Rile:
Allah ya ƙara sani Hajiya. Kuma birekar fida ta aika umarnin tsayawa zuwa injinan ta fiba a lokaci guda, ko a yi amfani da birekar da ke haɗa fidar da ƙasa da zarar ta buɗe.

Ƙanena, ga abin da zan yi a layin misalinka. Babbar kariya rilen bambanci ta fiba, wanda karant kaɗai yake kwatantawa, ba ruwansa da boltej. Guda biyu ma, ta hanyoyin sadarwa biyu, idan kuɗi ya ba da dama. Rilen nisa ya zama na taimako. A gefen tasha a ja zon 1 baya zuwa kashi 60 ko ƙasa, a kunna dabarar gane ragowar CVT da ke cikin rilen, ko a sa jinkirin milisakan 20 zuwa 30. Idan SIR ya haura 30 lokacin ƙarancin iska, a kashe zon 1 a wannan gefen, a bar gefen Jos ya ga shot ya aiko umarnin buɗewa, tare da dabarar maido da saƙo ta gefe mai rauni. Jinkirin zagaye ɗaya a gefen da ke ba da amfiya 525 ba ya cutar da kowa. Cire megawat 100 saboda shot ɗin da ke layin maƙwabta yana cutarwa, musamman a girid irin namu.

Malam Inbata:
Wannan batu na ƙarshe shi ne darasin Kudancin Ostareliya a ranar 28 ga Satumba 2016. Boltej ya faɗi sau shida cikin kusan minti biyu, tashoshin iska tara suka janye megawat 456, jihar ta shiga duhu. Ba VT aka ɗora wa laifi ba, wani saiti ne a cikin injinan da ke ƙirga yawan faɗuwar boltej ya tsayar da takwas daga cikinsu. Na kawo shi ne don damina a Filato tsawa take zuwa a jere, kuma layi mai sake rufe kansa yana mai da shot ɗaya faɗuwa biyu. A tambayi mai injin nawa ne adadin ƙirgar, cikin wane tsawon lokaci, kuma daga wane awo ake ƙirgawa. Idan akwai irin wannan ƙirga a matakin tasha da ke karɓar awo daga CVT, a sa tazara tsakanin matakin shiga da na fita, don kaɗawar komowa kada ta zama faɗuwa ta biyu.

Mai Gwaji Abuja:
Duk wannan ba a tabbatar da shi da lissafin shot na gargajiya, domin shi yana ɗaukar tasha tamkar janareto ce. Sai an yi kwaikwayo a manhajar kwamfuta ta PSCAD ko EMTP, da samfurin inbata na ainihi daga mai injin da samfurin CVT mai C1, C2, riyakta da da'irar feroresonans na gaske. A jefa shot a kashi 70, 90, 100 na layi da bayan basbar can, kowane iri, a kusurwar sifili da ta 90, da injina duka da kuma kashi 10 kawai. A fitar da fayilolin COMTRADE masu ɗauke da zanen boltej da karant, a kunna wa rilen da na'urar gwaji. Gwajin da ake yi na saukar da boltej mai tsabta daga 63.5 zuwa 3 kowane rile zai ci shi.

Sannan kada a karɓi rahoton hamonik, wato gurɓatar wuta a ninkin 50 Hz, da aka auna ta sakandaren CVT. Tana da wuraren amsa-kuwwa a 'yan ɗaruruwan Hz, daidai inda hamonik na 5 da na 7 da na 11 suke, tana ninka wani ta danne wani. A sa mai raba boltej na rezista da kafasita, ko na'urar da ke auna karant ɗin C1 da C2 ta gefen atin. Kuma na'urar ɗaukar hoton shot ta karɓi boltej daga 132, daga 33, da bakin inji ɗaya ko biyu, duka da agogon GPS ɗaya, in ba haka ba ranar da aka yi gardama kan ko boltej na gaske ne ya haura ko CVT ce ta kaɗa, babu mai hujja.

Ɗan Bukuru:
Na rubuta duka. Saura ɗaya: tsayin Jos yana da tasiri a kan zaɓen?

Dattijon Layi:
Yana da shi. Yanayin da IEC ta ɗauka na yau da kullum ya tsaya a mita 1,000 sama da teku, Jos kuwa ta haura 1,200, wasu tuddan da suka fi iska sun fi haka. Iska ta fi sirantaka, juriyar insuleta ta waje tana raguwa da kusan kashi 3 a tsayin gari, ta ƙaru in an hau. A rubuta ainihin tsayin wurin a takarda, a ƙara tsawon hanyar rarrafen wuta a kan tangaran saboda ƙurar hunturu da raɓar farkon damina. Kuma bayan an kunna, a sa ƙararrawa a kan bambancin boltej tsakanin fes uku na CVT. Idan ɗaya ta riƙa hawa a hankali ita kaɗai, kafasitocin C1 ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan sauka take yi, na C2 ne. A cire ta daga aiki kafin a kai ga fashewa, kuma kada kowa ya tsaya kusa da ita yana dubawa alhali da wuta a kanta.